Mun Sayi Ƙofa, Mun Bar Rajistar Ba Mai Ita

Ranar 27 ga Yunin 2017, kwamfutocin kamfanin jiragen dakon kaya na Maersk suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata muguwar manhaja ce da aka laƙaba wa suna NotPetya ta shigo ta cikin wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren, ta bi layin kamfanin tana lalata duk abin da ta tarar. A tashar jiragen ruwa ta Elizabeth da ke jihar New Jersey a Amurka, tireloli suka yi jerin gwano a bakin get, domin na'urar da ke cewa wannan mota ta shiga, waccan ta dakata, ta daina aiki. Tashoshi 17 daga cikin 76 da kamfanin ke gudanarwa suka tsaya cik.

Da injiniyoyi suka taru a garin Maidenhead na Ingila don su tayar da kamfanin, sun samu kwafin kusan komai, in ban da abu guda: rajistar da ke ɗauke da sunan kowane ma'aikaci da abin da aka yarje masa ya buɗe. Kwamfutoci wajen 150 ne ke riƙe da wannan rajista a faɗin duniya, kowace tana kwafa daga 'yar'uwarta, har aka ɗauka hakan ya wadatar. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za su tafi gaba ɗaya a rana guda, sai ga shi sun tafi. In kuwa babu rajistar, sauran kwafe-kwafen ba su da wani amfani, don babu ta inda za a shiga a taɓa su. Ɗan jarida Andy Greenberg ya ba da labari a mujallar Wired a 2018 cewa an yi ta buga waya ofis-ofis har aka dace da kwamfuta guda ɗaya a Gana, wadda ɗaukewar wuta ta kashe kafin annobar ta iso. Layin intanet na ofishin ba zai iya tura bayanan ba sai an yi kwana da kwanaki, kuma a cikin ma'aikatan wurin babu mai bizar Ingila. Sai ɗayansu ya ɗauko faifan ya hawo jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa abokin aikinsa a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Daga baya wani babban jami'in tsaron kamfanin ya ce a Legas na'urar take. Ko a Gana ne ko a Legas, ba dabarar kowa ce ta tsirar da ita ba. Shugaban hukumar daraktocin kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron tattalin arziki na Dabos cewa sai da suka sake girka kwamfutoci 45,000 da sabobi 4,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Waccan rajistar shiga kwamfuta ce, amma irinta ce ke bayan kowace ƙofar da ake buɗewa da kati ko da yatsa, kuma irin waɗannan ƙofofi yanzu sun cika mana gari. Suna bankuna da otal-otal da asibitocin kuɗi, suna rukunin gidaje a Abuja da Kano da Kaduna, suna masana'antu, suna ma'aikatun gwamnatin da ke son sanin wanda ya zo aiki da wanda ya yi fashi. Ranar da aka girka su ana murna, oga ya ɗora yatsa, koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe, a biya ɗan kwangila ya kama gabansa. Abin da muka biya kuɗinsa ƙarfe ne da waya da gilashi. Abin da ke tsare mu kuwa jerin sunaye ne, kuma a yawancin wuraren da na sani wannan jeri ba shi da mai shi. Damuwata ke nan, kuma ina ganin ta fi ƙarfin a bar wa mai gyaran kwamfuta ita shi kaɗai.

Sai mutum ya san yadda abin ke aiki kafin ya ga inda haɗarin yake. Na'urar da kake gani a jikin bango aikinta karanta kati ko zanen yatsa. A bayanta, ko a cikinta, akwai wani ɗan akwati mai ƙwaƙwalwa wanda ke riƙe da nasa kwafin sunaye, shi ke yanke hukuncin buɗewa ko ƙin buɗewa. Can a wani ɗaki kuma akwai kwamfutar da ke ɗauke da rumbun bayanan gaba ɗaya: sunan kowa, lambar katinsa, zanen yatsarsa da aka mayar lissafi, ƙofofin da aka ba shi, sa'o'in da aka yarda ya shiga, da tarihin duk wani shige da fice. Daga wannan kwamfuta ake ƙara mutum, daga nan ake cire shi, ita ke aika wa akwatunan umarni.

An yi wannan tsari ne don ko layi ya yanke ƙofa ta ci gaba da aiki, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai ita ce ke rufe mana ido. Kwamfutar kan mutu yau a yi makonni ba wanda ya sani, tun da kowa yana ɗora yatsa yana wucewa. Na taɓa ganin irin wannan kwamfuta a ɗakin masu gadi na wani ofis. Tana ƙarƙashin tebur, harmatan ya toshe mata fanka da ƙura, an soka mata cajar waya biyu, kuma a kanta ake kallon fim in dare ya yi. Babu batirin ko-ta-kwana, duk sa'ad da aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareta sai ta mutu a tsakiyar rubutu. Rumbun bayanan ofishin gaba ɗaya fayil ne guda a cikinta, ba shi da na biyu a ko'ina. Ban ga laifin masu gadin ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin da ke kusa da ƙafarsu ya fi makullin ƙofar muhimmanci.

Ranar da asiri ke tonuwa ita ce ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci, ko aka sallami wani ana son a toshe katinsa kafin ya fita daga harabar. A je a kunna kwamfuta, ta ƙi. A kira wanda ya girka, wayarsa a kashe, ko ya koma wani gari. A samo wani ya sa sabon faifai, ya girka manhajar daga farko, rumbu ya fito fayau babu suna ko ɗaya. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta farko. A manhajoji da dama akwai maɓallin da ke tura abin da ke kwamfuta zuwa akwatunan ƙofa ya shafe abin da suke riƙe da shi. In mai gyara ya danna shi kafin ya janyo sunayen da ke akwatunan, ya kashe kwafi na ƙarshe da ya rage, da hannunsa, yana neman gyara.

Daga nan sai layi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin sake rajistar yatsa ya san wahalarsa. Kowace yatsa sai an ɗora ta sau uku. Ga dattijuwar da ke share-share, wadda omo da ruwa suka cinye mata zanen yatsa, ta ɗora na'ura ta ƙi, a ce Baba ki goga a goshi ki sake, ta goga ta sake, a koma wata yatsar. Ga direbobin da suke hanya, ga masu aikin dare, ga wanda ke hutun haihuwa ko aikin hajji. Kafin a kammala, an sa dutse an tokare ƙofa a buɗe don aiki kada ya tsaya, kowa yana shiga yana fita. Tarihin shige da fice na shekaru kuwa ya tafi, da shi da hujjar wanda aka yanke wa albashi bisa zargin makara, da amsar tambayar wa ya shiga sito daren da kaya suka ɓace.

To amma tun kafin a kai ga mutuwar faifai, rajista tana lalacewa a tsaye in ba a kula da ita. Ƙara suna yana da mai matsa lamba, don sabon ma'aikaci zai tsaya a bakin ƙofa yana jira. Cire suna ba shi da mai matsawa. Mai yi wa ƙasa hidima ya gama shekararsa ya tafi, sunansa na nan. Ɗalibin da ya zo koyon aiki, da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da aka ba katin kwana biyu, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki, har da wanda Allah ya yi wa rasuwa, duk suna nan. Wani ya ce katinsa ya faɗi, aka ba shi sabo, ba a soke tsohon ba. Wani ya tashi daga sashen kuɗi ya koma wani sashe, aka ƙara masa sababbin ƙofofi ba a karɓe na da ba. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar sunayen da ke rumbu sun fi mutanen da ke karɓar albashi yawa. A 2018 wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco na Amurka a watan Afrilu, a watan Satumba ya shiga tsarin kamfanin ya goge na'urori 456, abin da ya rufe asusun masu amfani da manhajar Webex Teams sama da 16,000, wasu har tsawon mako biyu. An ɗaure shi shekara biyu, amma tambayar da ta fi damuna ita ce yadda aka yi hanyarsa ta shiga ta zauna a buɗe wata biyar bayan tafiyarsa.

Maganin wannan ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. A ƙarshen kowane wata a fitar da jerin sunayen da ke rumbu, a ajiye shi kusa da takardar albashi, mutum biyu su bi suna-suna. Duk wanda ba a san shi ba a dakatar da katinsa, in yana nan zai zo da kansa. Kuma takardar sallamar ma'aikaci kada ta kammala sai mai riƙe da rajista ya sa hannu cewa ya cire shi.

Akwai ƙananan abubuwa da su ma sukan kayar da tsari. Agogon na'ura yana tafiya da ɗan batiri mai kamar kwabo, in ya mutu sai kwanan wata ya koma shekarun baya, tarihin da ta rubuta ya zama ba ya shaidar komai, wanda aka ba izinin shiga da rana kuma ya tarar ƙofa na ganin dare ne. Tarihin shige da fice kullum ƙaruwa yake, kuma tsohon nau'in rumbun SQL Server na kyauta da manhajoji da yawa ke hawa a kai yana da iyakar gigabait 10, in ya cika ya daina karɓar rubutu. Su ma akwatunan ƙofa in sun daɗe ba su ga kwamfuta ba, ƙwaƙwalwarsu kan cika, tarihi ya fara zubewa. Sai kuma kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta, wadda duk mai sana'ar ya haddace, amma a wurare da yawa ba a taɓa canza ta ba.

Batun kwafin ko-ta-kwana shi ne inda aka fi yaudarar kai. Ka tambayi shugaban ofis ko suna da kwafi, ya ce ai injiniya ya ce manhajar tana yi da kanta. Sau da yawa gaskiya ne tana yi, amma a cikin faifan da rumbun yake take ajiyewa, ranar da faifan ya mutu su tafi tare. Wani kuma ya jawo fayil ɗin zuwa filas alhali manhajar tana tsakiyar rubutu a cikinsa, ya samu kwafin da ba zai buɗu ba, bai sani ba.

Abin da ya faru da kamfanin manhaja na GitLab ya kamata duk mai riƙe da bayanan jama'a ya san shi. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu da ya yi dare yana aiki ya goge rumbun da ake amfani da shi, yana zaton na biyun yake gogewa. Kafin ya tsayar da umarnin, daga wajen gigabait 300 saura ƙasa da biyar. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, kuma su da kansu suka rubuta cewa babu ko ɗaya da ke aiki yadda ya kamata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana gazawa saboda manhajar da ke ɗaukar kwafin ba ta yi daidai da zubin rumbun ba, saƙonnin gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin nan don wani aiki daban, kuma bayanan waɗannan sa'o'i shida sun tafi ke nan. Waɗannan mutane ne da sana'arsu ke nan. In haka ta same su, ban ga dalilin da zai sa mu amince da kwafin da ba mu taɓa buɗewa ba.

Gwajin ba shi da wuya. A samu wata kwamfuta da ba ta haɗe da ƙofofi, a girka manhajar, a loda kwafin, a nemi sunan wanda aka ɗauka aiki makon jiya. In ya fito da katinsa da ƙofofinsa, kwafi na da rai. A irin wannan gwaji ne ake gano abin da ba a ajiye ba: lasisin manhajar yana hannun ɗan kwangila, ko zubin manhajar da aka yi amfani da shi ya ɓace daga kasuwa, ko mabuɗin sirrin da aka rubuta katuna da shi ba ya cikin kwafin, wanda in babu shi sai an sake katin kowa. Gara a gano waɗannan ranar Asabar da hantsi, hankali kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda za a ajiye kwafin kuma, ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ta wadatar: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu abokan cinikinsa suka wayi gari suka tarar kwafin da suke taƙama da shi a wurin yake, ya ƙone tare da na ainihi. Abin da zan ƙara a kan ƙa'idar shi ne darasin Maersk: ɗaya daga cikin kwafin ya zama a cire yake, ba ya haɗe da kowane layi, don manhajar garkuwa da bayanai ba ta iya kama abin da ke cikin akwatin ƙarfe.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta rajistar ƙofa da sauran bayanai, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba. In ka dawo da tsohon kwafin littafin ciniki, abin da ka rasa cinikin 'yan kwanaki ne. In ka dawo da tsohon kwafin rajistar ƙofa, ba rashi kaɗai ka yi ba, ka dawo da mutane. Akawun da aka kora wata uku da suka wuce ya koma cikin masu izini. Katin da aka sace aka soke ya sake yin rai. Tsarin zai nuna komai lafiya, ƙofofi na buɗewa, ba wanda zai yi ƙorafi, domin wanda aka mayar ba zai zo ya faɗa ba. Saboda haka kwafin shekara guda a wannan fanni yana iya zama haɗari. Dole a riƙa ɗaukar kwafi a kai a kai, musamman bayan an cire wani, kuma a riƙe wani littafi na takarda da ake rubuta duk katin da aka soke da ranar da aka soke shi. Ranar da aka dawo da kwafi, aikin farko shi ne a buɗe littafin a sake soke duk wanda aka soke bayan ranar kwafin, kafin a haɗa kwamfutar da ƙofofi.

Shi kansa kwafin kuma kaya ne mai haɗari. Wanda ya riƙe shi ya riƙe sunaye da hotuna da lambobin kati da zanen yatsu, ya kuma san lokacin da kowa ke shiga da lokacin da gini ke zama ba kowa. A watan Agustan 2019 wasu masu bincike biyu, Noam Rotem da Ran Locar, suka tarar da rumbun BioStar 2 na kamfanin Suprema na Koriya ta Kudu a buɗe a intanet. Bayanai miliyan 27.8 ne a ciki, da zanen yatsun mutane sama da miliyan guda, da kalmomin sirri da ba a rufe ba, kuma sun ce suna iya sauya bayanai su ƙara sabon suna. Kalmar sirri in ta fita ana canza ta. Mutum ba shi da yadda zai canza yatsarsa, da ita zai rayu, kuma da ita yake hulɗa da banki da hukumar katin ɗan ƙasa.

Wannan ya sa nake jin zafin yadda ake yawo da irin waɗannan kwafe-kwafe a wajenmu: a laftof ɗin ɗan kwangila tare da na wasu ofisoshi goma, a filas da ke rataye da makullin mota, ko a tura ta WhatsApp don a duba matsala. Ma'aikacin da ya ɗora yatsa bai yi hakan don son ransa ba, sharaɗin aiki ne, don haka amana ce ya bayar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan jiki irin zanen yatsa cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 in an samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Ko babu doka, kwafi ya kamata ya zama a kulle da kalmar sirri mai ƙarfi, a san adadinsa, a san inda kowane yake, wanda ya tsufa kuma a lalata shi.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Haka jami'an Indonesiya suka ce a watan Yunin 2024, bayan da masu garkuwa da bayanai suka kama cibiyar bayanan gwamnati suka nemi dala miliyan 8, aikin shige da fice ya tsaya a filayen jirgi, aka kuma shaida wa majalisa cewa kashi 98 cikin ɗari na bayanan cibiyar ba su da kwafi. Ga ofis mai ma'aikata ɗari ko ɗari biyu, wannan uzuri ba ya tsayawa. Faifan waje guda biyu da ƙaramin batirin ko-ta-kwana ba su kai kuɗin ƙofa ɗaya daga cikin waɗanda aka girka ba. Abin da ya yi ƙaranci ba kuɗi ba ne, mutumin da aka ɗora wa alhakin ne babu.

Wasu kuma za su ce a koma wa kwaɗo da makulli a huta. Wani otal a ƙasar Ostiriya ya ce zai yi hakan a 2017, bayan da masu kutse suka kama kwamfutarsa har ya kasa yi wa baƙi sababbin katunan ɗaki sai da ya biya fansa. Na fahimci ɓacin ransu, amma ban bi su ba. Makullin da ya ɓace sai an canza kwaɗo, kuma makulli ba ya gaya maka wa ya shiga. Abin da na ɗauka daga wajensu shi ne kada ƙofa ta rasa hanya ta biyu. Ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'o'i shida, jaridu sun ruwaito cewa katunan wasu ma'aikatan kamfanin sun daina buɗe musu ƙofofi, domin tsarin ƙofar ya dogara da layin da ya faɗi. Ɗakin da kwamfutar rajista take ciki dole ya kasance yana da makullin hannu, a san kuma wanda ke riƙe da shi. Takardar da aka rubuta matakan dawo da tsarin ita ma a buga ta a ajiye, kada ta zauna cikin kwamfutar da ake son tayarwa. Sannan kowane mai gini ya tambaya, ƙofa-ƙofa, abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke. Makullin maganaɗisu sakin ƙofa yake yi, wasu nau'o'in kuma a kulle suke zama. Na biyun ya dace da sito, amma hanyar da mutane za su bi su tsira daga gobara ba ta da halin jiran kwamfuta, dole ta buɗu daga ciki ko ta halin ƙaƙa.

Magabatanmu da suka kewaye Kano da ganuwa ba su tsaya ga gina ƙofofi ba. Kowace ƙofa an naɗa mata sarkin ƙofa, mutum sananne da ake tambaya in wani abu ya shigo ko ya fita. Abin da nake nema ga rajistar ƙofa ke nan: a rubuta sunan mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan gidan, da mataimakinsa, a ce wannan aikinku ne, a ba su lokaci da kayan yin sa, shugaba kuma ya riƙa neman rahoto. Ba sai injiniya ba. Mai gaskiya ne ake buƙata, mai bin abu daki-daki, wanda zai iya ce wa babba katin direbanka na da ba zai zauna a rumbu ba. Kuma kada su yi amfani da kalmar sirri guda, kowa ya shiga da tasa, don a san wanda ya ƙara suna da wanda ya cire.

Shi ma ɗan kwangila kada a biya shi cikon kuɗinsa sai ya miƙa babbar kalmar sirri an canza ta a gabansa, ya miƙa lasisi da manhajar girkawa da zanen inda wayoyi da akwatuna suke, ya kuma tsaya mai rajista ya ɗauki kwafi ya dawo da shi a wata kwamfutar da hannunsa. In an bar masa hanyar shiga daga nesa don gyara, a rubuta ta a yarjejeniya, a buɗe ta sa'ad da ake buƙata, a rufe in ya gama. Ranar da shi mai rajistar zai bar aiki kuwa, haka za a yi masa: magajinsa ya dawo da kwafi na ƙarshe a gabansa, a ƙirga faifan da ke hannunsa a karɓa, a canza kalmomin sirri, a cire sunansa daga rumbu, sannan a sa hannu a takardar sallamarsa.